Man Shanu a Tagar Reidun

Duk wanda ya ce muku duhun garin Skarvik baƙi ne, bai taɓa fita da tsakar rana ba. Mutanen kudu ne ke yaɗa wannan magana, su da suka saba kallonmu da tausayi kamar waɗanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Gaskiya ne tun ƙarshen Nuwamba rana ke faɗawa bayan dutsen Blatind ta yi zamanta, ba a ƙara jin ɗuriyarta sai Fabrairu ya kama. Amma kullum in hantsi ya yi sama takan ɗan buɗe ido, duniya ta rine shuɗi tun daga dusar ƙanƙarar da ke ƙasa har ruwan teku, wani lokaci da ɗan ja-ja a kan duwatsu. 'Yan awoyi ne kawai, kuma mai hankali ba ya ɓata su a ɗaki.

Halldis ba ta taɓa ɓata su ba. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana da yawan harara. Ta yi aiki a gidan gyaran kifi har ta yi ritaya, ta binne miji, 'ya'yanta biyu suka tafi Oslo suka zama mutanen kudu, har da tausayin. Abin da ya rage mata a garin shi ne gidanta na bakin ruwa, da ƙawarta Reidun da ke can saman tudu.

Fiye da shekara talatin tsarinsu ɗaya ne. Da sama ta fara shuɗi, Reidun za ta sulalo daga tudun a kan katakon da ake ɗaurawa a ƙafa don zamiya a ƙanƙara, gajera mai ƙiba, hula ja a kai, ta ƙwanƙwasa ƙofar Halldis da sanda.

"Ke tsohuwa, kin mutu ne ko kina nan?"

"Sai na binne ki tukuna," in ji Halldis daga ciki, alhali tun ɗazu ta gama ɗaura takalmi tana jira.

Daga nan sai su kama kwari su nufi tafkin da ke bayan gari. Ranar da sabuwar ƙanƙara ta zuba, ta gaba ce ke shan wuya, don ita ke fasa hanya, ta baya kuwa bin sawu kawai take yi tana surutu. Shi ya sa suka raba aikin. Halldis ke gaba tun daga ƙofar gida har zuwa wata bishiya mai farin ɓawo da iska ta tanƙwara a tsakiyar kwarin. Da sun iso nan Reidun za ta ce, "Kauce, tsohuwa, ki ga yadda ake yi." Halldis ta ja gefe, Reidun ta wuce tana haki da cika baki. Kaɗan bayan bishiyar kuma waya ke daina aiki, duwatsu sun tare. Reidun na son wurin saboda haka, ta ce nan ne kaɗai a duniya Arnfinn, mijinta, ba zai iya kiranta ya tambayi inda safarsa take ba.

A bakin tafki sukan haƙa ɗan rami a ƙanƙara, su shimfiɗa buzun barewa, su hura wuta da ɓawon itace, su ɗora wata baƙar buta da ta girmi 'ya'yansu. Gahawa mai ɗaci, burodi da cuku, lemo ɗaya a raba biyu. Wani lokaci su huda ƙanƙarar tafkin su zura ƙugiya. Reidun ba ta taɓa kama kifin da ya fi ɗan yatsa ba, amma a bakinta kullum wani ƙato ne ya suɓuce. In hira ta ƙare sai su yi shiru, su kalli shuɗin yana ƙara duhu, har sanyi ya fara cizon yatsun ƙafa su tashi.

Bana Reidun ba ta nan.

Ƙirjin Arnfinn ne ya matsa. Hunturun bara ya kwanta asibiti sau biyu, likita ya ce sanyi ne ke shaƙe shi, in da hali ya nemi ƙasa mai ɗumi. A watan Oktoba suka haɗa akwatuna suka tafi Sifen, inda rabin tsofaffin ƙasar nan ke zuwa su shanya ƙashi. Reidun ta kawo wa Halldis makulli, ta ce ta riƙa ba furanni ruwa, ta riƙa duba bututu kada ya daskare.

"Hunturu ɗaya ne," in ji ta. "Kafin ki yi kewata na dawo."

"Wa ya ce zan yi kewarki? Zan huta da ƙaryar kifi."

Da farko hotuna suka riƙa zuwa a waya. Bishiyar lemo a bakin titi. Ƙafafun Reidun a cikin rairayi. Arnfinn da gajeren wando, ƙwaurinsa fari fat kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Halldis takan kalla, ta tsuke baki, ta aika da hoton ƙofar gidanta da ƙanƙara ta rufe rabi. Haushi take ji, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Ta ga kamar matar nan ta manta da su cikin sauƙin da ya yi yawa.

Sai bayan sabuwar shekara saƙon ya zo. A rubuce ya zo, ko kira babu. Reidun ta ce sun yanke shawara za su sayar da gidan, Jarle dillalin gidaje zai zo ɗaukar hotuna, don Allah ta buɗe masa. A ƙarshe ta sa ɗan hoton zuciya ja.

Halldis ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Shekara talatin, a ce ɗan hoton zuciya ja. Ta kife wayar a kan tebur, ta ɗaura katako ta fita. Ranar ba ta ga komai a hanya ba, ta dai je tafki ta dawo.

Jarle ya zo bayan 'yan kwanaki. Ɗan garin ne, a gabanta ya yi rarrafe, amma tun yana saurayi ya koma Tromso, yanzu ya dawo da mota mai ƙyalli da takalmin da bai dace da ƙanƙara ba. Ya zaga gidan Reidun ɗaki-ɗaki yana kunna fitilu yana kashewa, Halldis na biye da shi da makulli a hannu kamar mai gadin kurkuku.

"Goggo Halldis, yau ba zan ɗauki komai ba," in ji shi. "Gida a duhu ba ya sayuwa. Mai saye in ya ga taga baƙa ƙirin sai ya wuce. Ai gidan nan ne rana ke fara taɓawa a garin, ko na manta?"

"Ba ka manta ba."

"To ai shi ne kan maganar. Ranar da ta shigo ta tagar kicin ɗin nan, ranar nake so. Hoto ɗaya ya isa. Ke da kike kusa, in kin ga alamar za ta fito ki kira ni, in taho da sassafe."

"Zan kira ka," in ji Halldis, tana kallon takalminsa.

"Kada ki manta fa, Goggo."

"Ban manta ranar da ka faɗa ramin kifi ba, wannan zan manta?"

Ya yi dariya ya tafi. Ita kuwa ta tsaya a kicin ɗin, gaban tagar.

Tagar nan kowa a Skarvik ya san ta. Akwai wata 'yar tsaga a kafaɗar Blatind, kuma ranar farko da rana ta iya leƙowa ta nan, haskenta a kan tagar Reidun yake sauka, kafin coci, kafin makaranta. Gidan Halldis na bakin ruwa sai ya ƙara jiran kusan mako biyu. Don haka duk shekara a kicin ɗin Reidun take tarbar rana. Reidun kan yanko man shanu ta sa a ɗan faranti ta ajiye a bakin tagar, yadda ta ga kakarta na yi. Rabon rana ke nan, baƙuwa ce ta dawo daga doguwar tafiya, ba a tarbarta hannu sake. In man ya narke, an ce shekarar za ta yi kyau. Halldis ta sha gaya mata cewa ranar farko ba ta da ƙarfin narka ko hawaye, zafin murhu ne ke yin aikin. Reidun takan ce, "Yi mana shiru, kada ta ji ta koma."

Yanzu ga shi ranar da garin duka ke ɗoki ita ce ranar da za a ɗauki hoton gidan a kai kasuwa. A karon farko a rayuwarta Halldis ta ji ba ta son rana ta dawo.

Ta ci gaba da fita kullum. Ba don ta nuna wa kowa komai ba, jikinta ne bai san wani abin yi da tsakar rana ba. Kuma abin haushin shi ne hunturun bana ya fi kowanne kyau. Sanyi ya tsaya cak, babu iska, ƙanƙara ta bushe har tana kuka a ƙarƙashin katako. Itatuwa suka yi fari tun daga saiwa har ƙarshen reshe. Wata rana ta ga sawun dila ya bi tsohon sawunta tiryan-tiryan har tafki, malalacin banza, shi ma ba ya son fasa hanya. Wata rana fararen tsuntsayen dutse suka tashi daga gabanta fuu, ba ta ma gan su ba sai da suka tashi. Da yamma tana dawowa da fitila a goshi, koren haske kan ɓullo a sama ya yi ta kaɗawa a kan teku, sai ta kashe fitilar ta tsaya. Duk lokacin da ta ga irin wannan sai bakinta ya buɗe zai ce "ke, duba," sannan ta tuna babu kowa a baya.

Hanya kuwa ita ke fasa ta tun daga ƙofa har tafki. In ta iso bishiyar nan mai farin ɓawo ƙafarta kan rage sauri da kanta, ta ɗan tsaya kamar mai gyara safar hannu, sannan ta wuce. Kofi biyu ne a jakarta, ba ta cire ɗayan ba, wai don kada na farkon ya riƙa ƙara. Lemo ɗaya kuma ta gano ya yi wa mutum ɗaya yawa. Takan ci rabi, ta bar rabin a kan ƙanƙara, washegari ta tarar babu. Dilan ne, ko hankaka. Ko ma waye, ya fi Reidun godiya, don bai taɓa cewa an ba shi ƙaramin rabi ba.

Kewa dai ta kama ta, ba kuma irin wadda ake kuka a huta ba. Ba ta amsa saƙon Reidun ba. Reidun ma ba ta ƙara aiko hoto ba.

Kullum hasken da ke kan duwatsu yana ƙara saukowa ƙasa. A kanti mutane sun fara maganar rana kamar ana jiran amarya. Yaran makaranta sun lilliƙa takardu masu ruwan ɗorawa a tagogi, mai gidan burodi ya fara toya burodin rana mai zaƙi. Halldis ta riƙa wucewa tana harararsu ɗaya bayan ɗaya. Da Fabrairu ya kama sai hadari ya taso daga teku ya rufe Blatind ruf, kwana da kwanaki. Gari ya yi ta tsaki, ita kaɗai ke tashi da safe ta leƙa sama ta ji sanyi a ranta. Ta san wauta ce. Girgije bai taɓa hana a sayar da gida ba. Amma muddin ba a ɗauki hoton ba, gidan na Reidun ne, furannin na Reidun ne, makullin kuma aro ne aka ba ta zuwa bazara.

Ranar wata Talata ta tashi ta ga taurari. Sama tas, ko ƙyallin girgije babu. Ta kalli wayarta a kan tebur, ta kalli lambar Jarle, ta sa wayar a aljihu ba ta kira ba.

Furanni dai suna bukatar ruwa, haka ta gaya wa kanta. Ta ɗaura katako ta hau tudun. Ta share ƙanƙarar bakin ƙofa, ta shiga, ta duba bututu, ta ba furanni ruwa har da waɗanda ta ba jiya. Gidan ya yi sanyi, yana warin rufi. A bayan ƙofar kicin katakon Reidun na jingine, da jar hularta a rataye a kan sanda. Ta kawar da kai.

Ba ta yi niyyar ajiye komai a tagar ba. Wadda ta tafi ta bar al'adar kakarta, ita wace ce da za ta riƙe mata? Sai dai da ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta ji ɗan ƙunshin takarda. Man shanu ne, ta yanko daga gida da safe, wai don burodin tafki, ita da ba ta taɓa shafa wa burodin tafki mai ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko ɗan farantin nan mai shuɗin baki, ta ɗora man, ta ajiye a inda ake ajiyewa. Sannan ta ja kujera ta zauna a gefen da ta saba zama.

Tsagar dutsen ta fara yin ja, sannan ta yi kamar an hura garwashi a cikinta. Sai ga ta. Ɗan gefe ne kawai, bai kai rabin faranti ba, amma hasken ya ratso kwarin ya shigo ta gilashi ya kwanta a kan teburin Reidun, ya nuna duk ƙurar da ta taru tun Oktoba. Ya taɓa hannun Halldis. Daga can ƙasa ta jiyo ihun yaran makaranta, su da ko ganinta ba su yi ba tukuna, hasken da ke kan tagar nan kawai suka hango. Ta rufe ido ta bar shi ya zauna a fuskarta. Ta so ta ji haushin ranar, abin ya gagara.

Ƙarar mota ta ji a waje. Jarle ne ya shigo da gudu yana zamewa, na'urar hoto na lilo a wuyansa.

"Goggo, ba ki kira ni ba. Allah ya sa na duba hasashen yanayi."

"Ga ka ai ka zo."

Bai tsaya jayayya ba, hasken ba zai daɗe ba. Ya ja kujeru, ya gyara labule, ya share tebur da hannun rigarsa. Sai ya kai hannu zai ɗauke farantin.

"Bar shi nan."

"Goggo, zai ɓata hoton. Mutane za su ce an bar kwanon da ba a wanke ba."

"Taɓa shi ka gani, Jarle."

Ya dube ta, ya dubi man. Ko ya tuna kakarsa ce, ko harara ce ta yi aiki, oho. Ya janye hannu ya durƙusa ya ɗauki hotonsa da faranti da komai. Kafin ya miƙe ranar ta koma bayan dutse, kicin ɗin ya koma shuɗi. Man shanun na nan yadda yake, ko gumi bai yi ba.

Kwana uku bayan haka sabuwar ƙanƙara ta zuba, mai laushi, har gwiwa. Halldis na bakin ƙofarta ta gama ɗaura katako ke nan wayar ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta bar ta ta yi ta ƙara har ta kusa yankewa, sannan ta cire safar hannu da haƙori ta ɗauka.

"Ke tsohuwa," in ji Reidun. Muryar ta yi kusa ƙwarai, kamar tana saman tudu. "Kin mutu ne ko kina nan?"

Halldis ba ta ba da amsar da aka saba ba. "Yaya rana? Ta ishe ki?"

"Na ga hoton gidan. Jarle ya sa a shafinsu na intanet. Na ga farantin."

"Jarle ne ya manta bai ɗauke ba."

"Ƙaryarki ba ta taɓa kai tawa ba, Halldis, kada ki fara da tsufa. Ya narke?"

"Da wane murhun?"

Reidun ta yi wata 'yar dariya da ba ta ƙarasa ba. Ta bayanta ana jin motoci da muryoyin mutane cikin wani yare.

"Me ya sa kika rubuto?" in ji Halldis. "Wayarki ba ta kira ne?"

"In na ji muryarki ba zan iya faɗa ba. Na ɗauki wayar nan ya fi sau nawa ina ajiyewa."

"Amma kin iya aiko mini da ƙafafunki a rairayi."

"To me kike so in aiko miki? Kin san abin da nake yi da tsakar rana a nan? Rufe tagogi nake yi, in ja labule, in kunna kyandir in dafa gahawa. Maƙwabciyata ta ɗauka ciwon ido nake yi. Rana kullum, Halldis, kullum, tun safe tana tsaye a kan mutum kamar mai bin bashi. Ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta. Ranar da na ga hoton nan na sayi man shanu na sa a taga, kafin in juya ya zama ruwa ya zubo a bango. Arnfinn ya ce na haukace."

Halldis ta kalli teku. Wani jirgin kamun kifi na fita da fitilunsa a kunne.

"To ki dawo mana," ta ce. Ba ta san za ta faɗa ba sai da ta ji ya fito.

"Jiya Arnfinn ya hau matakala har hawa na uku bai tsaya ba. Yana barci a kwance, ba a zaune ba. Kin tuna bara, yadda muka riƙa jin numfashinsa daga kicin? In na dawo da shi gida ba zai ga wata bazarar ba. Ke ma kin sani."

Ta sani. Tun ranar da aka kawo mata makulli ta sani, ta dai zaɓi haushi ne don ya fi sauƙin ɗauka.

"Akwai masu son gidan," in ji Reidun a hankali. "Wasu miji da mata daga Tromso, da yara biyu. Matar ta tambayi Jarle wai farantin mene ne a taga. Na ce ya tura ta wurinki. Ki bar musu farantin. Katakona da hulata kuma ki kai gidanki, ba sa cikin ciniki."

"Me zan yi da katakon gajeru?"

"Ki jingine a bayan ƙofa, ya riƙa tare miki hanya."

Yatsun Halldis sun fara mutuwa da sanyi.

"Fita za ki yi?" in ji Reidun.

"Katako na ƙafata."

"Ta zuba?"

"Har gwiwa."

Ta ji Reidun ta ja numfashi. "Kada ki kashe. Ki sa ni a aljihun ƙirji, ki bar shi a ɗan buɗe. Ba zan yi surutu ba."

"Wannan kuma sai na gani."

Ta ƙara muryar wayar, ta zura ta a aljihu, ta mayar da safar hannu, ta kama sanduna. Ta bi ta bayan coci ta shiga kwarin. Ba wanda ya riga ta, ko dila. Ƙanƙarar na buɗewa a gaban katakonta da ɗan sauti mai laushi, sanduna na nutsewa suna fita, numfashinta na tashi fari. Sama ta yi shuɗi, kan duwatsu ya yi ja, can saman tudu tagar kicin ɗin Reidun ta kama hasken rana kamar wuta. Abin mamaki, Reidun ta cika alkawari. Ko tari ba ta yi ba. Har Halldis ta fara zaton wayar ta yanke, ko sanyi ya kashe ta, amma ba ta tsaya dubawa ba. Ta yi ta fasa hanya, cinyoyinta na zafi, gumi na bin bayanta, ta haye ɗan tudun farko, ta gangara, ta zaga dutsen da ke kama da tukunya.

Bishiyar na nan a tanƙware, ƙanƙara ta ƙara danne ta. Halldis ba ta gaya wa Reidun sun iso ba. Ƙafarta ce kawai ta rage sauri yadda ta saba.

"Kauce, tsohuwa," in ji muryar daga aljihun ƙirjinta. "Ki ga yadda ake yi."

Halldis ta ɗaga katakon dama ta ajiye a gefe, ta ɗaga na hagu ta bi da shi. Ta tsaya a gefen hanya, sanduna a hannu, ta bar wuri isasshe don gajeriyar mace mai ƙiba ta wuce. Gabanta kwarin na shimfiɗe fari, babu sawun kowa. Ta tsaya har sanyi ya fara busar da abin da ke gangaro mata a kumatu.

"Na wuce," in ji Reidun. "Me kike jira? Biyo ni mana."

Ta koma kan hanya. Ta san daidai inda duwatsu ke tare waya, bai fi jifa ɗaya daga nan ba, ta kuma san Reidun ma ta sani. Ta tura katakon cikin sabuwar ƙanƙara.

"A hankali dai, gajeriya," ta ce. "Kada ki bar ni a baya."

Ta ji an fara dariya a aljihunta, dariyar ta kakkarye, sannan ta ɗauke. Ba ta ciro wayar ta duba ba. Ta ci gaba da fasa hanya zuwa tafki, kofuna biyu na ɗan motsi a jakarta.